Ranar Da Na Yi Wa Kishiyata Wanka

A wannan fitowar ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba irin wanda kuka saba gani a littattafaina. Abin da ya faru ne a ɗakina, kuma sai da na nemi izinin maigidana kafin na ɗora biro a kan takarda. Ya ce in rubuta, amma da sharaɗi biyu, kada in ambaci sunan kowa, kuma kada in rage laifina ko da ƙwayar zarra. Na farkon dai mai sauƙi ne, na biyun kuwa sai dai ku taya ni da addu'a.

Watanmu bakwai da aure na fara ganin sauyi. Maigidana malamin zane ne a wata makarantar koyon sana'a a nan Kano, mutum mai sanyin hali, ba ya zaman majalisa, ba ya gidan ƙwallo, daga makaranta sai masallaci sai gida. Da, in an idar da sallar isha'i muna nan zaune a falo har sha ɗaya, ina karanta masa abin da na rubuta yana yi min gyara muna dariya. Kwatsam sai ya tsiro da wata ɗabi'a. Yana tsame hannu daga tuwo sai ya ce, "Amarya ina zuwa," ya shige ɗan ƙaramin ɗakin da ke jikin soro inda yake ajiye littattafansa, ya turo ƙofa. Ba zan kuma ganin ƙeyarsa ba sai ƙarfe ɗaya, wani lokacin har biyun dare. In ya fito idanunsa sun kaɗa sun yi ja, jikinsa kuma yana wani irin wari sak na jan farce.

To ku faɗa min don Allah, wace macen ce za ta ji warin jan farce a jikin mijinta da tsakar dare hankalinta ya kwanta? Ga waya ba ta barin hannunsa, sau biyu ina leƙawa na ga hotuna yake kallo, da ya ji motsina sai ya kife ta. Rannan kuma wani ɗan aike ya kawo wani kwali, ya karɓa jikinsa har rawa yake, ya wuce da shi ɗakin ko kallona bai yi ba. Ni da na rubuta littattafai uku a kan kishi da halin maza ai ba na neman tafinta. Na ce shi ke nan, kayan lefe aka fara tarawa.

Na kira aminiyata ina kuka na zayyane mata. Ta ce, "Ke dai kin cika sanyi wallahi. Ki zauna nan sai kin ji guɗa a ƙofar gida. Ki nemi mukulli ki gane wa idonki."

Ai kuwa wata ranar Talata ya makara, ya fita a gurguje ya bar mukullin a aljihun rigar da ya cire. Na tsaya da shi a hannu gabana yana dukan uku-uku, sannan na yi bisimilla na buɗe.

Babu akwati, babu atamfa, babu ko ɗankunne. Tebur ne da fitila, da 'yan wuƙaƙe kamar na likita, da hantsaki, da sanfefa, da 'yan kwalaben fenti kamar na maganin ciwon ido, da burusai waɗanda wani ma bai kai tsinken kwalli kauri ba. A jikin bango an manna wani tsohon hoto da ya koɗe, wani soja a tsaye jikin motar yaƙi, ban ma tsaya na dube shi da kyau ba. A tsakiyar teburin kuwa ga kishiyar tawa a zaune: wata 'yar tankar yaƙi ta roba, tsawonta bai wuce tafin hannuna ba.

Wallahi zama na yi a ƙasa ina dariya har da hawaye. Ashe abin wasan yara ne ya hana ni barci wata uku! Sai kuma kunya ta rufe ni, na tuna zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ga shi bai zama ba. Nan take na ƙudura a raina sai na faranta wa bawan Allahn nan yau, ko na rage alhakinsa da na ɗauka.

Da na ɗaga 'yar tankar sai na ga ta yi dauɗa ba ta wasa ba. Ƙafafunta duk jan taɓo, jikinta ya yi dabbare-dabbare, wasu baƙaƙen layuka sun zubo daga sama kamar mai ya tsiyaya, wajen salansa ya yi baƙi ƙirin. Na ce oh, namiji dai namiji ne, ko abin wasansa ba zai iya gogewa ba. Na ɗebo ruwan ɗumi a roba na zuba omo, na samo tsohon burushin goge baki, na zauna na yi mata wanka tas. Jan taɓon nan da nan ya bi ruwa. Layukan ne suka ƙi fita, sai na dangwalo kananzir a auduga na bi su ɗaya bayan ɗaya, ai kuwa suka narke. Garin haka wata 'yar siririyar waya da ke samanta ta karye, wata 'yar fitila kuma ta ɓalle ta bi makwarara, na ce ba komai, wa zai lura? Ta fito koriya shar tana ƙyalli kamar yau aka ciro ta daga kanti. Na share ɗakin, na shimfiɗa farin ƙyalle na ɗora ta, na turara turaren wuta. Na yi masa sinasir da miyar taushe, na ci kwalliya na zauna ina jiran tukwici.

Da ya dawo na tare shi da murmushi, na ce, "Yaya, zo ka ga abin mamaki." Na ja shi har ɗakin.

Tun da nake ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Bai yi tsawa ba, bai ce don me ba. Ya ɗauki tankar ya juya ta, ya kuma juyawa, ya dubi hoton bango, sai kawai ya sulale ya zauna a ƙasa. Can ya ce, cikin wata murya da ban san shi da ita ba, "Wata uku." Bai ƙara ko kalma ba. Sinasir ɗin nan haka ya kwana a kwano.

Kwana uku muna haka. Zai gaishe ni, zai ajiye kuɗin cefane, zai ce a dawo lafiya in na ce zan leƙa maƙwabta, amma mutumin ba ya nan. Ɗakin ma bai kuma shiga ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ni kuma zuciya ta fara ɗebe ni, ina cewa a kan roba? A kan abin da yara suke ja da zare a lungu za a yi min wannan horon? Har na haɗa kaya a jaka zan tafi gidanmu, sai na tuna Innata ko ruwa ba za ta bari na sha ba za ta juyo da ni. Sai na saka hijabi na nufi gidan Hajiya, mahaifiyarsa.

Na durƙusa na gaishe ta, na kasa ɗaga kai. Ta ce, "Lafiya 'yar nan? Me yaron nan ya yi miki?" Kun san ɗan fari ne, ba ta faɗar sunansa. Na kwashe komai na faɗa mata, har da kananzir ɗin. Na zaci dariya za ta yi, sai na ji shiru. Da na saci kallonta na ga carbin hannunta ya tsaya.

Ta ce, "Hoton da kika gani a bango, kin dube shi?"

Na ce, "A'a Hajiya."

Ta ce, "Mahaifinsa ne. Shi ke nan hoton da muke da shi na can. Cikin wasiƙa ya aiko shi daga Laberiya, wasiƙar da ba a kuma samun wata bayanta ba."

Na san surukina soja ne, na san ya rasu maigidana yana ƙarami, amma iyakar abin da na sani ke nan, don a gidan ba a tayar da zancen. Ranar ma Hajiya a taƙaice ta ba ni. Direban tanka ne, suna zaune a bariki a Bauchi aka tura su a 1992, yaron ko yaye shi ba a daɗe da yi ba. Kafin shekarar ta fita aka zo mata da labari. Can aka binne shi, har yau babu wanda ya san kabarinsa a cikinsu balle ya je ya yi masa addu'a a kai. Ta ce, "Tun yana firamare yake ƙera motar nan da karan dawa da gwangwani, in na gani in karɓe in ɓoye, don ba na iya kallo. Ashe bai daina ba." Sai ta dafa kaina ta ce, "Tashi ki koma ɗakinki. Rashin sani ya fi dare duhu, ba ki yi don mugunta ba. Amma ki ba shi haƙuri, kada ki ce masa roba ce."

Daga baya ne na nemi tarihin abin na karanta, don irina da aka haifa bayan an gama ba mu san komai a kai ba. Yaƙin Laberiya ya fara ne ranar 24 ga Disamba 1989, lokacin da Charles Taylor ya shigo da mayaƙansa daga Kodebuwa don kifar da Shugaba Samuel Doe. Da kashe-kashen suka yi yawa, ƙungiyar ECOWAS ta zauna a Banjul ta kafa rundunar da ake kira ECOMOG, da sojojin Nijeriya da Ghana da Gini da Saliyo da Gambiya. Sun sauka a tashar jirgin ruwa ta Monrobiya ranar 24 ga Agusta 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma Nijeriya ce ta ɗauki mafi yawan nauyin, na mutane da na kuɗi. A watan Oktoba 1992 mayaƙan Taylor suka kawo wa Monrobiya wani gagarumin hari da suka sa wa suna Octopus, aka shafe makonni ana gwabzawa a bakin gari da cikin fadamu. A wannan ɗauki-ba-daɗin ne surukina ya cika. Allah Ya jiƙansa da sauran waɗanda suka tafi ba su dawo ba.

Da daddare na same shi a falo ya yi tagumi. Na durƙusa a gabansa na ce, "Yaya, na je wurin Hajiya. Don girman Allah ka yafe min. Garin gyaran gira na tsone ido." Kuka ya ci ƙarfina. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Tashi Amarya. Laifina ne da na ɓoye miki. Kunya nake ji ki ga ƙato da gemu yana wasa da roba."

A daren nan ya buɗe min cikinsa. Ya ce wannan aiki ba na yara ba ne, a ƙasashe da yawa manya ne suke yinsa, har gasa ake shiryawa. In an ƙera motar aka kuma gina mata wurin da take, da ƙasa da itatuwa da komai, sunan abin diyorama, kalmar da ta samo asali daga wani gidan nuna zane da Bafaranshe Louis Daguerre ya buɗe a Paris a 1822. Ma'aunin da ya fi shahara wajen motocin yaƙi shi ne ɗaya bisa 35, wato komai a raba shi gida 35 a ɗauki ɗaya, kuma kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa shi tun farkon shekarun 1960. Da wannan lissafi mutum mai tsawon santimita 175 zai koma santimita 5, kamar ɗan yatsa.

Ita kuwa tankar sunanta Scorpion, wato kunama. Kamfanin Alvis na garin Coventry a Ingila ne ya ƙera ta, sojan Ingila suka fara aiki da ita a 1973, daga baya Nijeriya ta saya. Ƙarama ce a cikin tankoki, nauyinta wajen tan 8, tsawonta wajen mita 5, tana da igwa mai faɗin baki milimita 76 da injin Jaguar mai shan fetur, tana gudun da ya haura kilomita 70 a awa. Mutum uku take ɗauka, kwamanda da mai harbi da direba. Ya nuna min wata 'yar ƙofa a gaba ta hannun hagu ya ce, "Nan Baba yake zama, injin yana damansa." Kwalin da na zaci lefe ne, na wani kamfanin Taiwan ne mai suna AFV Club, albashinsa ya yi ta tsakura har ya tara kuɗin ya saya ta intanet. Gutsattsarin roba ne fiye da ɗari, kowanne sai an yanko shi an goge da sanfefa an manna da wani gam mai narkar da robar ta haɗe. Gam ɗin nan shi ne mai warin jan farce.

Na ce, "To Yaya, bayan duk wannan wahalar me ya sa za ka ɓata ta da dauɗa?"

Ya ciro hoton daga bango ya miƙo min da gilashin ƙara girma. Ya ce, "Duba. Sabuwar tanka ta kowa ce, dubbai aka ƙera. Amma wadda taɓo ya kai mata nan, wadda gefenta na hagu ya lotsa, wadda mai ya zubo mata ta wannan wajen, guda ɗaya ce a duniya. Ban san muryarsa ba Amarya, ban san yadda yake tafiya ba. Abin da na sani nasa shi ne dattin motarsa, shi nake kwafa ɗigo-ɗigo."

Ban san lokacin da na ce masa ba, "To mu mayar mata da dattinta, ni da kai."

Washegari aka sa min kujera a ɗakin soro. Allah Ya taimake ni koren fentin na ƙasa irin mai tsinkewa da ruwa ne, in ya bushe kananzir ba ya cinsa, ga shi kuma ya bi shi da banish. Abin da na wanke shi ne na sama, kuma hawa-hawa ake yinsa. Da farko akwai abin da suke kira wanki, abin dariya, ga mai wanki a zaune. Fentin mai ne baƙi-baƙi ruwan ƙasa, a tsinka shi sosai da wani mai ɗan'uwan kananzir, ba tinar masu fentin mota ba don ita cinye roba take. In ka ɗiga shi da bakin burushi sai ya bi lunguna da kewayen kusoshi da kansa, ya zama inuwa. Sai a bar shi kwana biyu ya bushe. Bayansa sai busasshen burushi: a dangwali fenti mai haske a goge a tsumma har sai kamar babu komai, sannan a shafa a kan gefuna, nan da nan sai ka ga kowane tudu ya fito. Sai ƙujewa, da ɗan gutsuren soso a hantsaki, ana dangwalawa a wuraren da takalmi da hannu suke yawan taɓawa kawai, bakin ƙofofi da wurin takawa.

A nan na so in kuma yin wata ɓarnar. Na haɗa ruwan tsatsa mai kyau zan bi jikinta da shi, ya riƙe min hannu ya ce, "Tukunyarki ta alminiyom ta taɓa tsatsa?" Na ce a'a. Ya ce to jikin Scorpion da alminiyom aka yi shi don ta yi sauƙi, in fenti ya ƙuje fari-fari ne yake fitowa. Tsatsa sai a sarƙar ƙafafu da salansa da shebur da sauran abin da yake ƙarfe. Haka kuma da na ce a bula mata farar ƙura irin ta hunturunmu, ya ce Monrobiya ba Kano ba ce. Ruwan da ake yi a can a shekara ya haura milimita 4,000, ninkin namu huɗu ko fiye, ƙasarsu kuma ja ce mai danƙo. Don haka layukan nan da na goge ba mai ba ne duka, sawun ruwan sama ne da ya wanko datti daga sama zuwa ƙasa. Ana sa ɗigon fenti kamar kan allura, sannan a ja shi ƙasa da burushi mai ɗan danshi, a miƙe, don ruwa ba ya gudu a karkace.

Amma fa ni ma na yi rana. Garin launin da yake amfani da shi na taɓo ya ƙare a wankan da na yi, ga tsada. Na ce ya bar min wannan. Na aiki almajirinmu ya ɗebo min jar ƙasa a inda ake haƙar gini, na soya ta a tsohon kasko don kashe ƙwari, na daka a turmi na tankaɗe da rariyar laushi har sau uku, ta koma kamar hoda. Muka kwaɓa da farin gam na kafintoci da ɗan ruwa, muka cusa tsakanin ƙafafun nan biyar-biyar na kowane gefe, mai duhu a ƙasa inda yake da danshi, mai haske a sama inda ya fara bushewa. Inda sarƙa take gogar ƙasa yakan shafa bakin fensir don ya yi ƙyallin ƙarfe, na kawo kwallina muka gwada, ya ce wallahi ya fi fensir. 'Yar wayar da na karya, muka maye ta da silin wayar lantarki. Fitilar da ta bi makwarara kuwa, wani ɗan dutse na tsohon ɗankunnena ne ya zauna a gurbinta.

Sai ginin wurin. Kafinta ya yanko mana katako kamar faɗin faranti, muka ɗora soso mai tauri irin na cikin kwalin firji muka fafe shi ya yi hanya da kwata, muka shafe da filasta da aka gauraya da jar ƙasar. Tun kafin ta bushe ya danna tankar a kai, ya ce in ba haka ba za ta zama kamar tana shawagi, abu mai tan 8 dole ya nutse ya bar sawu. Ciyawa da igiyar rama muka yi ta, a warware a yanka gajeru a rina. Kududdufi kuma banish mai ƙyalli ne, ana zubawa kaɗan-kaɗan ana jira ya bushe. A bayan hoton akwai bishiyar kwakwar manja da wata rumfa mai tsohon kwano. Ganyen kwakwar ya ba shi wahala, ya yi ta yanka takarda ba ta yi ba. Ina figar kaza ran Juma'a na ɗaga gashin fiffike na duba, na kwasa da gudu na kai masa. Muka rina shi kore muka tsattsaga, sai ga ganyen kwakwa sak. Kwanon rumfar kuwa takardar alminiyom ce ta naɗe abinci, na danna ta a kan haƙoran matajina ta yi layi-layi. A nan ne ya bar ni na zuba tsatsata son raina.

Saura abu ɗaya, wanda shi ne ya fi damunsa tun farko. Ya sayi 'yan sojojin roba, yana so ya tsayar da ɗaya a jikin tankar kamar yadda yake a hoto, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, don mun san maganar da malamai suke yi a kan ajiye surar mai rai a gida. Ban da haka ma ya ce duk fuskar da ya kalla a cikinsu ba ta mahaifinsa ba ce. Na kwana ina juya abin, da asuba na ce, "Yaya, me zai hana a ce ya je alwala ya dawo, ko yana bayan motar? A bar masa kayansa kawai." Muka yanki ɗan ƙyalle ya zama darduma a inuwar tankar, muka ajiye takalman soja a gefe, da farar hular kwano a kan murfin direba. Na ciro tsakiya ɗaya daga tsohon jigidana, ba ta fi ƙwayar wake ba, ya lanƙwasa mata waya ta zama hannu da baki, ga buta. Hoton bai nuna buta ba, sai muka shafa mata kore.

Wata huɗu muka yi. Masu tagar gilas suka haɗa mana ɗan akwati muka kife a kai. Shi ya so ya ɓoye, ni na dage sai Hajiya ta gani. Ranar da ta zo gabana faɗuwa yake, ina tuna motocin kara da take ɓoyewa. Muka ajiye a gabanta muka koma gefe muka yi tsuru. Ta ce in miƙo mata tabarau. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo, ta bi sawun sarƙar da ido, ta dubi dardumar, ta dubi takalman. Can ta ɗago ta ce, "Butar ba koriya ba ce. Shuɗiya ce. Ni na sayo masa a kasuwar Wunti ana jibi za su tafi."

Daga nan bakin Hajiya ya buɗe. Abin da ba ta faɗa ba shekara talatin da wani abu, ranar ta faɗe shi har aka kira magariba. Ashe ba ya shan fura da sukari. Ashe in ransa ya ɓaci shiru yake yi kwana uku, na dubi maigidana ya sunkuyar da kai. Ashe in yana tafiya kafaɗarsa ta dama takan ɗan rusuna, ta nuna ɗanta da haɓa ba ta kalle shi ba ta ce, "Kamar dai wannan." Shi kuwa yana zaune a ƙasa hawaye yana bin gemunsa, bai ko share ba.

A daren ya ɗaga gilashin, ya haɗa shuɗin fenti, sai ya miƙo min burushin ya ce, "Ke za ki shafa." Hannuna yana rawa na shafa.

'Yan'uwana, ban ce duk namijin da ya kulle ɗaki tanka yake haɗawa ba, kada wata ta je ta saki jiki ta ce ni na faɗa mata. Abin da na ce shi ne, kafin ki yanke hukunci ki tambaya, kafin ki gyara abin da ba naki ba ki tambaya, don wani abin da kike gani datti ne, mai shi ya san abin da ya ajiye a ciki. Ku kuma maza, ku daina jin kunyar matanku a kan abin da yake ci muku rai, da ya faɗa min tun farko da ba a kai ga omo ba.

Kishiyata tana nan a falo a kan kabet, da taɓonta da shuɗiyar butarta. Kullum da safe ina goge ta, amma gilashin kawai. Aminiyata da ta zo ta leƙa ta ce, "Wai wannan ce? Amma dai ta yi datti, ba kya ɗan wanke ta?" Na ce ta sha ruwanta ta bar zancen.

Nan zan dakata, sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wanda ya karanta ya sa surukina a addu'a. Taku har kullum.